Yadda Ake Auna Tasirin Mai Binciken Cututtuka Masu Yaɗuwa da Cututtukan Jini

Kwamitin ƙarin girma a jami'a, da hukumar da za ta ba da kuɗin bincike, da ɗalibin da ke neman malamin da zai duba masa aikin digiri na uku, da ɗan jaridar da zai gabatar da wani farfesa a rediyo, duk tambaya ɗaya ce a bakinsu: aikin mutumin nan ina ya kai? Abin da aka fi yi shi ne a buɗe Google Scholar, shafin da ke tattara maƙalolin masana, a ga lambar yawan waɗanda suka kafa hujja da aikin mutum, a yanke hukunci. Lambar tana da amfaninta, sai dai ita ce farkon aiki. A fannin zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, sanƙarau, sikila da sauran cututtukan jini, tasiri yana da wurin da ake ganinsa da ido: ƙa'idar jiyya da ta sauya, da maganin da ake bai wa yaro a ɗakin kwanciya yau wanda shekara goma baya ba a ba shi. Wannan bayani zai bi da kai daga lambar zuwa can.

Tanadi kwamfuta mai intanet, da takardar tarihin aikin mutumin wadda ya rubuta da kansa, da shafin Excel guda ɗaya. Ga malami mai maƙala hamsin zuwa ɗari, ware yini guda. Wanda ya ce ya gama a minti goma, lamba kawai ya kwafa.

Fara da tabbatar da mutumin

Nan aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yakan bi duk lissafin da zai biyo baya. Rumbunan maƙaloli suna ajiye marubuci da sunan ƙarshe da harafin farko na sauran sunayensa. Idan ka rubuta "Abdullahi S" ko "Ibrahim A" a PubMed, rumbun maƙalolin likitanci, mutane da yawa ne za su fito a matsayin mutum ɗaya: likitan yara, masanin sinadarai, likitan dabbobi, wani ma daga Malesiya ko Masar. Sunayenmu suna ƙara dagula lamarin. Mutum ɗaya yana iya fitowa Muhammad a wata mujalla, Mohammed a wata, Muhammed a ta uku. Wani yakan sa sunan garinsu a ƙarshe a wasu maƙalolin, a wasu kuma ya tsaya a sunan mahaifi. Mace mai bincike takan fara wallafa da sunan mahaifinta, daga baya ta koma ga na miji, sai aikinta ya rabu gida biyu, kowane ɓangare ya zama kamar na ƙaramin malami.

Maganin wannan shi ne lambar ORCID, wadda aka fara bayarwa a 2012. Lamba ce mai gurbi 16, a rukuni huɗu-huɗu, kuma ta mutum ɗaya ce har abada ko da ya sauya suna ko wurin aiki. Nemi mai binciken ya ba ka tasa. In ba shi da ita, koma PubMed ka shiga shafin Advanced, ka haɗa sunan da wurin aiki, misali Kano ko Zariya ko Yamai. A kula da abu biyu. PubMed bai fara ajiye cikakken sunan marubuta ba sai daga 2002, kuma kafin 2014 wurin aikin marubucin farko kaɗai yake sakawa. Saboda haka in ka tace da wurin aiki, tsofaffin maƙalolin da mutumin yake na uku ko na biyar za su ɓace maka. Don haka ne takardar tarihin aikinsa take da muhimmanci: ita za ka riƙa gwadawa da abin da ka samu, layi bayan layi.

Kowace maƙala da ka tabbatar tasa ce, ba ta layi guda a shafin Excel. Ginshiƙan da ake buƙata su ne shekara, mujalla, irin maƙalar, yawan marubuta, matsayinsa a jerin, lambar PMID da PubMed ke bai wa kowace maƙala, lambar DOI wadda ita ce lambar shaidar maƙalar a intanet, da yawan ambato. Irin maƙalar kada ka yi masa ƙiwa: gwajin magani a kan marasa lafiya daban, bin rukunin mutane na tsawon lokaci daban, ƙidayar rana ɗaya a asibiti ɗaya daban, bitar ayyukan wasu daban, rahoton mara lafiya guda daban, wasiƙa ga edita daban. Daga baya za ka ga amfanin wannan rarrabewa.

Ƙirga ambato, daga rumbu fiye da ɗaya

Ambato shi ne wani mai bincike ya kafa hujja da maƙalarka a cikin tasa. Rumbuna uku aka fi dogara da su wajen ƙirga shi, kuma ba sa taɓa ba da lamba ɗaya. Google Scholar kyauta ne, yana kwashe komai: kundin digiri, takardun taro, rahotanni, har da kwafi biyu na maƙala ɗaya. Lambarsa ita ce mafi girma kusan kullum. Scopus na kamfanin Elsevier da Web of Science na Clarivate suna ƙirga mujallun da suka tantance ne kawai, kuma sai da kuɗin rajista, ko da yake Scopus yana nuna taƙaitaccen shafin marubuci kyauta. Akwai kuma OpenAlex, wanda ya fito a 2022, shi ma kyauta. Idan mutumin ba shi da shafi a Google Scholar, manhajar Publish or Perish ta Anne-Wil Harzing za ta tattaro maka maƙalolinsa ta yi lissafin.

Rubuta lambar kowane rumbu dabam, tare da ranar da ka duba. Kada ka taɓa gwada mutum biyu da rumbu biyu, wannan daga Google Scholar wancan daga Scopus. Zalunci ne ƙarara, kuma ana yinsa ba da sani ba.

Dalilin da ya sa ba a sakin jiki da Google Scholar shi kaɗai shi ne ba ya tantance abin da yake ƙirgawa. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi a duniya mai suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta haɗa masa maƙaloli marasa ma'ana kimanin ɗari masu ambaton juna, ya ɗora su a intanet. Ba a daɗe ba wannan fatalwa ta samu ma'aunin h na 94. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Scopus da Web of Science ba su ɗauke da mujallun Afirka da dama da ke AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, inda ake samun bayanan da likitocinmu suka fi amfani da su. Kowanne da makantarsa, shi ya sa ake haɗa su.

Ma'aunin h shi ne wanda aka fi ji a baki. Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, shi ya fito da shi a 2005. Lissafinsa da hannu ba wuya. Jera maƙalolin daga mai yawan ambato zuwa mai ƙaranci, ka sa musu lamba 1, 2, 3, ka riƙa sauka har inda yawan ambato ya gaza lambar layin. A ce mutum yana da maƙala goma, ambatonsu 120, 64, 31, 18, 12, 9, 7, 5, 2 da 0. Ta bakwai tana da 7, ta cika. Ta takwas tana da 5, ta gaza 8. Ma'auninsa 7 ke nan. Ɗaya ma'aunin da Google Scholar ke nunawa, i10, yawan maƙalolin da suka kai ambato goma ne, a wannan misali 5.

Dubi abin da lissafin ya ɓoye. Da maƙalar farko ambatonta 5,000 ne maimakon 120, ma'aunin h yana nan a 7. Ba ya kuma raguwa, ko mutum ya daina bincike shekara ashirin da suka wuce, don haka kullum yana fifita dattijo a kan matashi. Don rage wannan, raba ma'aunin da yawan shekarun da suka wuce tun maƙalarsa ta farko: mai 14 a shekara bakwai ya samu 2, mai 20 a shekara ashirin ya samu 1. Shafin Google Scholar ma yana da ginshiƙi na biyu da ke ƙirga shekara biyar na baya-bayan nan kaɗai, shi ke nuna ko ruwa na gudu har yanzu ko ya tsaya.

Abubuwan da ke kumbura lamba

Na farko ambaton kai. Mai bin layin bincike ɗaya dole ya ambaci ayyukansa na baya, wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne yawansa. Scopus yana da wurin da za ka ce a cire ambaton kai, sai ka ga lamba kafin da bayan. Idan ma'aunin ya faɗi da ɗaya ko biyu, ba komai. Idan ya zube sosai, buɗe jerin masu ambaton ka duba ko mutum huɗu ko biyar ne ke ta yi wa juna biki.

Na biyu, kuma shi ne ya fi yawa a wannan fanni, maƙalolin taron dangi. Rahotannin ƙididdigar cututtuka ta duniya, waɗanda cibiyar IHME ta Jami'ar Washington ke jagoranta, suna fitowa da marubuta ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, kuma kowace maƙala tana samun ambato dubbai. Rumbu yana bai wa kowane suna cikakken adadin, tamkar shi kaɗai ya yi aikin. Sai ka ga mutum da ambato dubu talatin, amma in ka ware waɗannan, abin da ya rage bai kai dubu ɗaya ba. Shiga irin wannan haɗaka ba abin zargi ba ne, sau da yawa ta nan bayanan ƙasashenmu ke shiga lissafin duniya. Amma a shafinka na Excel tace duk maƙalar da marubutanta suka haura hamsin, ka yi lissafi biyu, da su da kuma ba su, ka nuna duka biyun.

Na uku irin maƙalar. Bitar ayyukan wasu da ƙa'idojin jiyya suna jan ambato fiye da sabon bincike, domin duk mai rubuta gabatarwa yana neman wuri ɗaya da zai jingina. Na huɗu girman fanni. Masu binciken ƙanjamau sun ninka masu binciken zazzaɓin Lassa ko ciwon rashin daskarewar jini sau da yawa, kuma yawan ambato yana bin yawan masu rubutu. Annobar korona ta nuna wannan a fili. Makin mujallar Lancet, wato abin da Clarivate ke kira Impact Factor, ya tashi daga 79 a lissafin 2020 zuwa 202 a na 2021, ya dawo 98 a na 2023. Mujallar ba ta ninka inganci ba sannan ta lalace, rubutu a kan cuta ɗaya ne ya yi ambaliya ya janye.

Wannan maki ma bai kamata ya shigo hukuncin mutum ɗaya ba. Matsakaicin ambaton da maƙalolin mujalla na shekara biyu suka samu ne, kuma 'yan maƙaloli kaɗan ne ke ɗaga shi. Sanarwar San Francisco ta 2012, wadda aka fi sani da DORA, abin da ta nema ke nan: a daina auna mutum da makin mujallar da ya wallafa a ciki.

Abin da ya fi dacewa shi ne ma'aunin da ke gwada maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya da shekara ɗaya. Hukumar lafiya ta Amurka, NIH, tana da shafi kyauta mai suna iCite. Kwafi lambobin PMID daga shafinka ka zuba a ciki, zai ba kowace maƙala maki mai suna RCR. Maki 1.0 yana nufin ana ambatonta daidai da tsaka-tsakin maƙalolin da NIH ta ba kuɗi a fannin, 2.0 ninki biyu. Scopus yana da makamancinsa, FWCI, inda 1.00 shi ne matsakaicin duniya. Maƙalar da ba ta kai shekara biyu ba kada ka ɗora mata nauyi, ba ta samu lokacin da za a karanta ta a kafa hujja da ita ba tukuna.

Kafin ka bar lissafi, duba maƙalolin da aka janye. PubMed yana sa musu jan tambari a sama, kuma rumbun Retraction Watch, wanda Crossref, ƙungiyar da ke yi wa maƙaloli rajistar lambar DOI, ta karɓa ta buɗe wa kowa a 2023, yana faɗin dalili. Ambato ba yabo ba ne a kowane lokaci. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, mai alaƙanta rigakafin ƙyanda da wata lalurar ƙwaƙwalwa bisa yara 12, an janye ta a 2010, amma tana da ambato da yawa, mafi yawansu na masu ƙaryata ta. Haka nan duba mujallun da kansu. Wadda ba ta cikin PubMed, ba ta cikin Scopus, ba ta cikin DOAJ (jerin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta) ko AJOL, tana karɓar maƙala cikin kwana uku da zarar an biya, ba ta da editan da za a iya gano inda yake aiki, wannan kasuwa ce. Ware irin waɗannan maƙaloli a gefe, kada su shiga ƙidaya.

Me shi da kansa ya yi?

A al'adar mujallun likitanci, marubucin farko shi ne ya ɗauki nauyin aikin da rubutun, na ƙarshe kuma shi ne babban da ya jagoranta, sau da yawa shi ya nemo kuɗin. Ƙirga maƙalolin da mutumin yake ɗaya daga cikin biyun nan. Matashi ana son a ga yana fitowa na farko. Wanda ya kai matakin farfesa ana son a ga ya koma ƙarshe, ɗalibansa suna gaba. In shekara ashirin yana tsakiya, tambaya ta taso.

Amma a nan sai an yi hattara, domin tsarin haɗin gwiwa da jami'o'in Turai da Amurka ya daɗe yana tura masu binciken Afirka tsakiyar jeri. Likitan da ya tattaro marasa lafiya ɗari uku, ya bi su gida-gida shekara uku, ya shawo kan iyaye, ya tsare ingancin samfurin jini a wurin da wuta ba ta tsayawa, yana iya ƙarewa na shida cikin goma sha biyu. Kada ka yanke masa hukunci da matsayi kawai. Gangara ƙarshen maƙalar, inda mujallu da yawa yanzu ke rubuta gudummawar kowa, wasu da tsarin CRediT mai rawa 14. Sannan in gwajin magani ne, nemi lambar rajistarsa a ClinicalTrials.gov ko a rajistar Afirka ta PACTR, ka ga wa aka rubuta a matsayin babban mai bincike na cibiyar. A wannan shafin kuma za ka gwada abin da aka yi alkawarin aunawa tun farko da abin da aka ba da rahoto a ƙarshe. In sun saɓa ba tare da bayani ba, alama ce mara kyau. Duba kuma ko an ambaci amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da yardar iyaye. Wanda ya san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba zai ɗauki wannan layi a matsayin cika takarda ba.

Bin sawun aiki har gadon asibiti

Yanzu zaɓi maƙala biyar, ko ka ce mai binciken ya zaɓa da kansa, ka karanta su daga farko har ƙarshe. A kan kowace ka amsa tambaya huɗu: wace tambaya ta yi, mutum nawa aka duba kuma ta wace hanya, me aka samu, sannan wa ya ɗauki sakamakon ya yi aiki da shi. Ta huɗun ita ce zuciyar lamarin, kuma tana da hanyar bi. Buɗe ƙa'idojin jiyya na Hukumar Lafiya ta Duniya, da na ma'aikatar lafiya ta ƙasar, da na ƙungiyoyin ƙwararru irin su ƙungiyar likitocin jini ta Amurka, da bitocin Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon gwaje-gwajen jiyya tana tantancewa, ka nemi sunan mutumin a jerin hujjojinsu. Shafin iCite ma yana nuna ko gwaje-gwajen asibiti da ƙa'idoji sun ambaci maƙalar.

Ga yadda cikakken sawu yake kama. A 2010 Lancet ta wallafa gwajin AQUAMAT, wanda aka yi a kan yara 5,425 masu matsanancin zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. Cikin waɗanda aka yi wa allurar kwinin kashi 10.9 cikin ɗari sun rasu, cikin waɗanda aka yi wa atesunet kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idarta ta sa atesunet a gaba ga yara. Maƙala, ƙa'ida, sannan allurar da ke cikin akwatin ma'aikaciyar jinya: kowace mahaɗa ana iya nuna ta da takarda. Haka rigakafin zazzaɓi na damina, wanda hukumar ta amince da shi a 2012 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a yankin Sahel, ya fito ne daga jerin gwaje-gwaje a Afirka ta Yamma, kuma shi ne maganin da ake bi gida-gida ana rabawa wata-wata a arewacin Najeriya da Nijar.

Sikila ta fi nuna dalilin da ya sa ba a tsayawa a lamba. A 1986 gwajin da Marilyn Gaston ta jagoranta a Amurka ya nuna fenisilin na kullum yana rage mummunar cutar ƙwayar nimoniya a jinin yara masu sikila da kashi 84 cikin ɗari, abin da ya ƙarfafa gwajin jarirai tun daga haihuwa. A 1998 gwajin STOP ya nuna cewa yaron da na'urar auna gudun jinin ƙwaƙwalwa ta nuna masa santimita 200 ko fiye a daƙiƙa yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90. Sakamako ne babba, ambatonsa dubbai. Amma a Najeriya, inda ake ƙiyasin ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a shekara, ƙarin jini duk wata ga kowane yaro mai haɗari abu ne da jinin ajiya da aljihun iyaye ba za su ɗauka ba.

Wannan giɓi ne masu bincike a Kano da Kaduna, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt, suka shiga. Gwajin SPRING, wanda ya fito a Lancet Haematology a 2022, ya ɗauki yara 220 masu wannan haɗari, ya gwada maganin haidiroksiyuriya na sha a awo biyu, miligiram 10 da miligiram 20 ga kowane kilo na nauyin yaro a rana. Ba a ga bambanci a yawan shanyewar jiki tsakanin rukunin biyu ba, amma masu shan awo na 20 sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin jini ta Amurka ta 2020 ma ta ba da shawarar wannan magani, aƙalla miligiram 20, ga ƙasashen da ƙarin jini a kai a kai ba ya samuwa. In ka gwada ambaton SPRING da na STOP, tazarar tana da faɗi, ga bambancin shekaru 24 a tsakani. In kuma tambayarka ita ce wanne likitan yara a Gusau ko Maraɗi zai iya aiwatarwa gobe da safe, amsar ta juya.

Akwai kuma aikin da tasirinsa ya yi girman da aka daina ambatonsa. Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikinsa a Gabashin Afirka, cewa masu ɗauke da rabin gadon sikila, wato AS, suna da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yau ana faɗin wannan a aji ba tare da an tuna da shi ba. Aikin Garki a kan zazzaɓin cizon sauro, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976 a yankin da yanzu ke Jihar Jigawa, babban sakamakonsa littafi ne na 1980, ba maƙalar mujalla ba, kuma masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi suna komawa ga bayanansa har yanzu. Daga aikin ne Alan Fleming da abokansa suka nuna a 1979 cewa kusan jarirai 2 cikin 100 a yankin ana haifarsu da sikila, kuma mafi yawansu ba sa kai shekara biyar. Ita kuwa Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda gano atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, rahoton farko na aikin ya fito a 1977 da sunan rukuni, babu sunan kowa. Mai neman ta a rumbun ambato na wancan zamani ba zai same ta ba.

Ƙara da abin da ba ya fitowa a mujalla sam: ɗaliban digiri na biyu da na uku da ya yaye da inda suke aiki yanzu, ɗakin gwaji ko rajistar marasa lafiya da ya kafa kuma take aiki bayan kuɗin tallafi ya ƙare, ma'aikatan da ya horar a kan na'ura, kwamitocin ƙa'ida da ya zauna a ciki. Kowanne ka nemi shaidarsa, kundin digiri a laburare, wasiƙar naɗi, ko sunansa a shafin farko na ƙa'idar. Makin Altmetric, mai ƙirga ambato a jaridu da shafukan sada zumunta, yana nuna hayaniya ne, ka rubuta shi in kana so amma kada ya shiga hukunci.

Rubuta rahoton

Shafi biyu sun isa. A na farko sa lambobi cikin tebur: yawan maƙaloli bisa iri, yawan waɗanda yake na farko ko na ƙarshe, jimillar ambato da ma'aunin h daga kowane rumbu tare da ranar dubawa, sannan lambobin bayan an cire ambaton kai da maƙalolin taron dangi, da tsaka-tsakin makin RCR. Ɗauki na tsakiyar jeri, kada ka ɗauki matsakaicin jimilla, domin maƙala ɗaya mai maki 40 za ta ja sauran sama. A shafi na biyu ba kowace daga maƙaloli biyar ɗin sakin layi guda: abin da ta gano, rawar da ya taka, da inda sawunta ya kai, ko ƙa'ida, ko wani gwaji da aka gina a kanta, ko kuma ba ta kai ko'ina ba tukuna.

In gwada shi za a yi da wasu, zaɓi mutum uku zuwa biyar masu fanni ɗaya, waɗanda suka fara wallafa a shekaru makusanta, kuma suke aiki a yanayi mai kama da nasa. Likitan da ke duba marasa lafiya kwana huɗu a mako ba a jera shi da wanda bincike ne kaɗai aikinsa. Cire shekarun da mutum ya yi ba ya bincike saboda haihuwa, jinya ko riƙon muƙamin mulki kafin ka raba da yawan shekaru. Daga ƙarshe, kafin rahoton ya je gaban kwamiti, tura wa mai binciken jerin maƙalolin da ka yi aiki da su ya duba, domin shi ne zai fi kowa saurin ganin wadda ta ɓace da wadda ba tasa ba.